Kula Biyu, Baƙuwa Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Shugaban wannan zama, Alhaji Brahim, wanda ya rufe shagonsa da rana tsaka saboda mu. Malam Liman da na'ibinsa. Jauro mai unguwarmu. Mahaifina Alhaji Mahfuzu da ƙaninsa, baffana Alhaji Dawuda. Iyayena mata, Inna Mairamu da Goggo Halime. Maƙwabcinmu na arziki Musye Antoine da iyalinsa. 'Yan kasuwa maza da mata. Waɗanda aka gayyata da waɗanda ƙamshi ya gayyato, ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku barka da haƙurin zama cikin wannan zafi na Garwa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan yini. Godiya ga matan da suka wuni a bakin murhu, godiya ga samarin da suka kafa rumfa, godiya kuma ga duk wanda ya baro hidimarsa ya zo.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nafisatu, 'yar fari a wurin Alhaji Mahfuzu. Mun taru ne don mu yi bankwana da baƙuwarmu Hajiya Sadiƙa, wadda za ta koma Katsina jibi in Allah ya kai mu. Mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, ƙanwar Baba ce da Baffa, aure ya kai ta Najeriya tun ba a haife mu ba. Ke nan Sadiƙa 'yar mace ce, ni 'yar namiji. Taubashiyata ce, baiwata ce, kuma duk abin da na faɗa a kanta yau ba ta da kotun da za ta kai ni. Ku dube ta, har ta fara rufe fuska da mayafi.

Maganata kashi uku ce, kuma zan fara da abin da ya kawo ta.

Sadiƙa malamar asibiti ce, kwanan nan ta yi ritaya. Ta ƙare ƙuruciyarta tana ɗaga wa marasa lafiya yatsa, tana cewa a rage tuwo, a rage mai, a rage gishiri. Da ta huta sai ta ce lokaci ya yi da za ta ga ƙasar uwarta. Ta yi fasfo, ta sayi sabuwar waya mai ɗaukar hoto, ta sayi takalmin yawo irin na 'yan ƙwallo, ta biyo ta Yola. Ranar da ta sauka ta riƙe hannuna ta ce, "Nafisatu, ina so in ga dorina a kogin Binuwai, ina so in shiga kwalekwale a Lagdo, ina so in taɓa dutsen Mindif da hannuna, in tsaya a bakin kogin Logon in hango Chadi. Abinci kuwa ɗanɗano kawai zan yi, ki kai ni wurin masu gasa kifi a bakin titi in ci guda, shi ke nan." Na ce to. Ban gaya mata komai ba, don tausayinta ya kama ni.

Kashi na biyu shi ne abin da ta tarar, kuma a nan sai na roƙi iyayena su yi mini afuwa, don zan taɓa abin da kowa a unguwar nan ya sani amma ba a faɗa.

Kun san gidan Baba da gidan Baffa katanga ɗaya ce tsakaninsu. Kun san da can, in magariba ta yi, kwano kan fito daga nan, kwano kan fito daga can, a haɗu a zaure a ci tare. Kun kuma san shekarar da aka sare mangwaron da kakanmu ya dasa don a ja katanga, da maganganun da suka biyo baya. Tun daga ranar kwano bai sake tsallaka katangar nan ba. Ana gaisawa a masallaci da kan yatsu, ana zaman makoki kowa a ƙarshen tabarma, yaran da aka haifa bayan nan har suka yi wayo ba su san ɗanɗanon miyar ɗaya gidan ba. Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, abin ya daɗe yana cina. Daminar bara da Baba ya kwanta ciwo, na zauna a gefen gadonsa ina kuka, ba don ciwon kaɗai ba, sai don tsoron kada ɗayansu ya bar duniya hannunsa bai sake haɗuwa da na ɗan'uwansa cikin kwano ba.

To, a wannan hali 'yar ƙanwarsu ta iso. In ta sauka gidan Kawu Mahfuzu, ta zaɓa. In ta sauka gidan Kawu Dawuda, ta zaɓa. Sai aka sauke ta a gidana, aka ɗauka an yi dabara. Ashe ba a yi komai ba, don baƙo a wurinmu ba ya kwana sai kular abinci ta bi shi. Da safe kula daga gidan Baba, kula daga gidan Baffa. Da rana haka, da yamma haka. Blaise mai mashin, wanda duk gidajen biyu ke aika, ya yi ta zirga-zirga har masu shago suka daina amsa gaisuwarsa. In Inna ta ji cewa Goggo Halime, matar Baffa, ta aika shinkafa da kifi, sai ta aika tuwo da miyar folere, wato yakuwa, da ƙafar sa. In Goggo ta ji labarin ƙafar sa, washegari sai kan rago ya iso.

Za ku ce me ya hana mu taya ta. Mun taya, har 'ya'yana suka fara ɓuya in sun ji ƙarar mashin. Amma iyayen nan nawa ba a yi musu wayo. In kula ta koma sai an buɗe an duba, sannan a bugo waya a yi mata jarrabawa: me ta tarar a ƙasan miya, yajin ya ji ko bai ji ba. Wani lokaci ma su zo da kansu, kowacce da sa'arta don kada su haɗu. Inna ta zauna a gabanta tana cewa "Nyaamu, nyaamu," da Fillanci. Tana fita Goggo ta shigo da Larabcinta na garin Kusiri, "Akuli, ya bitti, akuli." Baiwar Allah ba ta jin ko ɗaya daga harsunan nan, amma cikin kwana kaɗan ta gane duk abu ɗaya ake nufi, wato ci.

Sai ta ce mu gudu. Ta ce, "Nafisatu, mu kama hanya, kula dai ba ta da fasfo." Na ce ƙwarai, amma waya ba ta neman fasfo. Kafin mu isa Lagdo, Baba ya bugo wa amininsa dillalin kifi, Baffa ya bugo wa surukinsa. Muka tarar da tabarma biyu a inuwa biyu. Ta ci kifin kyaftin a nan, ta ci tarwaɗa a can, da mai kwalekwale ya zo ya dube ta ya dubi ruwa, ita da kanta ta ce a bari sai wani jiƙon. A Mindif kuwa, muna isa gindin dutse aka ce an yanka mata kaji a wani gida, an yanka ɗan akuya a wani. Wallahi jama'a, dutsen da ta tsallako ƙasa don ta taɓa, a kwance ta gan shi, ta ƙofar ɗaki, tana numfashi sama-sama, takalmin yawon nan yana ajiye a bakin ƙofa ko ƙura bai ɗauka ba. A Yagwa kun san shinkafa ba baƙuwa ba ce. Na tashe ta a mota na ce, "Sadiƙa, ga Logon, ga Chadi can." Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "A gaishe su," ta koma barci. 'Yarta ta bugo daga Katsina tana tambaya, "Mama, hotunan da kike turowa duk kwanuka ne, gidan abinci kika buɗe a Kamaru?"

Yanzu ga kashi na uku, kuma shi ne dalilin da ya sa na karɓi wannan lasifika.

Ranar da muka dawo daga Yagwa, na leƙa shago bayan la'asar na bar ta ita kaɗai. Sai ga Blaise da kula biyu. Sadiƙa ta dube su, ta ji ko ƙamshin ba za ta iya ba. Ta yanke shawarar da babu ɗan unguwar nan da zai yanke, ta ce a mayar da su yadda suka zo. Da ina nan da na kwanta a gaban mashin, don mayar da abinci ba a taɓa ba, a wurinmu, ya fi zagi ciwo. To kulolin nan iri ɗaya ne, launi ɗaya, girma ɗaya. Mu mun san kowace mace tana ɗiga alamarta a gindin kwanonta: na Inna jan farce ne ja, na Goggo koren fenti. Ita ba ta sani ba. Ta miƙa wa Blaise ta ce wannan ta gidan Kawu babba ce, waccan ta gidan Kawu ƙarami. Shi kuwa ya ɗauka wani sabon tsari ne, ya kai kowacce inda aka ce, ya ce, "Ga shi, an ce a kawo," ya ja mashin ɗinsa.

Inna ta ɗaga kula ta ji nauyi, ta taɓa ta ji zafi, ta leƙa gindi ta ga kore. Ta kai gaban Baba ta nuna masa alamar. Baba ya daɗe yana kallon kular nan, sannan ya ce a kawo ruwan wanke hannu. A bayan katanga kuwa, Goggo ta ga ja, ta kai wa Baffa, shi ma ya wanke hannu. Kowannensu ya kwana yana cewa ɗan'uwana ya fi ni, shi ya fara.

Kun san kwanon mutane ba ya komawa wayam. Gari na wayewa Inna ta cika kular Goggo ta aika, Goggo ta cika ta Inna ta aiko. Kula ta tafi, kula ta dawo, kula ta tafi, kula ta dawo, ba ma a jiran mashin, ta saman katanga ake miƙawa. Cikin wannan hidima aka manta da baƙuwa sam. Ranar farko ta yi hamdala. Rana ta biyu ta leƙo madafa tana tambaya ko akwai ɗan ɗumame. A ranar ne na kai ta bakin gada ta ga dorina da idonta, ta zauna kan benci ta ci gasasshen kifinta da yunwa ta gaske, har tana suɗe yatsa.

Ni kuwa da na gano abin da ya faru, na san ranar tonon asiri tana tafe. Ta kuwa zo ranar Juma'a. Ana saukowa daga masallaci, Baffa ya tari Baba a ƙofar zaure, mu mata muna leƙe ta labule. Ya rage tsawo ya ce, "Yaya, ka kunyata ni. Ni ne ƙarami, ni ya kamata in fara aikowa." Baba ya ce, "Wace irin magana ce wannan, Dawuda? Ai kai ka fara." Suka tsaya suna kallon juna. Aka kira Blaise, aka kira Sadiƙa, ta zo ta faɗi gaskiya. Na riƙe hannun Inna, Goggo ta riƙe nawa, na ce a raina shi ke nan, an koma gidan jiya, yanzu ma da ƙarin kunya.

Sai Baffa ya cire hularsa ya share fuska. Ya ce, "Yaya, ni dai na ci. Shekara da shekaru kullum magariba ina kasa kunne ko kwanon gidanka zai shigo. Wallahi da akuya ce ta ɗauko shi a baki ta kawo, da na karɓa na ci." Sai Baba ya kama hannun ƙaninsa ya ja shi cikin zaure. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar, kuma ban taɓa jin daɗi a rayuwata kamar na ranar ba.

Don haka ina roƙon duk wanda ke wurin nan, wanda ke da ɗan'uwa a bayan katanga, wanda ke da 'yar'uwa a ƙarshen layi, wanda ya ƙudurta a ransa cewa sai an fara aiko masa: kada ka jira baƙuwa daga Katsina ta zo ta yi maka kuskure, don ba kowane gida ke da irin wautar taubashiyata ba. Wataƙila wanda kake jira, kai yake jira. Ka cika kwano ka aika tun kuna da rai ku biyu.

Allah ya kai Hajiya Sadiƙa gida lafiya, ya tsare ta a hanya, ya dawo mana da ita. Allah ya jiƙan mahaifiyarta da kakanninmu da suka kafa mu a garin nan. Allah ya zaunar da Kamaru da Najeriya lafiya, ya sa albarka a kasuwarmu da gonakinmu, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Allah ya ƙara wa Baba da Baffa lafiya da nisan kwana, ya bar su tare.

Ga su can a kan tabarma ɗaya, tire ɗaya ne a gabansu, kuma Baffa ya riga ya naɗe hannun riga. Ba zan sa su jira fiye da yadda suka riga suka jira ba. Bismillah, Baba. Bismillah, Baffa.

Na gode, na gode ƙwarai.