Tsohuwar Motar Kwana

Ina shanya a filin ajiye motocin kwana, irin waɗanda ake zama a ciki kamar gida, a garin Amarillo na Amurka, na jiyo wani direban tirela yana magana da Lorene, mai filin.

"Baiwar Allah, wuri nake nema wa motar nan, ita ce gidana. Ni kullum ina hanya."

"Motar da ta haura shekara goma ba ma karɓa. Taka kuwa ta yi jika."

"Ko'ina haka suke ce mini. Marigayiya matata ce ta ɗinka labulayenta, na kasa sayarwa."

Lorene ta daɗe tana kallon labulayen.

"In ka tafi, wa ke buɗe tagogi ta sha iska?"

"Ba kowa."

"Kai ta bayan tawa, inda masu sabbi ba za su gani ba. Ka bar mini makulli."

Ita ma tun bara da ta rasa mijinta take cin abinci ita kaɗai.