Maƙwabcin Baba Mai Gwaiwa

A tashar Gaya, Garzali ya lallaɓo ya zauna a benci yana jiran mota ta cika. Wani dattijo mai babbar riga da ke gefensa ya ƙare masa kallo.

"Samari, lafiya kake tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai?"

"Aikin gwaiwa aka yi mini, Baba. Hanji ne ya sami ƙofa a mara yake leƙowa. Likita ya mayar da shi, ya toshe wurin da raga."

"Raga? Ta kamun kifi ko ta 'yan ƙwallo?"

"Ta asibiti."

"To in ka sha koko, ba ta tace shi?"

"Ai ba a hanyar koko take ba, Baba."

Dattijon ya gyara zama, ya rage murya. "Wani maƙwabcina ne a Toranke yake fama da irinta shekara da shekaru. Tsoron wuƙa yake ji. Mutum yana farkawa kuwa?"

"Ga ni ai."

Sai tari ya sarƙe dattijon, hannunsa ya yi wuf ya dafe mara ta ƙarƙashin riga.

Garzali ya kawar da kai. "Baba, motar nan ta gaban asibitin take bi. Ku shiga da maƙwabcin naka, kujera ɗaya ta ishe ku."