Karas da Lakarsa

A bakin gona, inda manoma ke baje kayan lambu, wani matashi mai farar riga ya tsaya gaban wata dattijuwa mai sayar da karas. Har ta ɗaga ɗaurin da ya zaɓa za ta tsoma a bokiti.

"Inna, kar ki wanke."

"Karas ka zo saya ko laka, ɗan nan?"

"Duka biyun."

"Farar rigar taka fa?"

"Ai sabulu bai ƙare a duniya ba."

"To, faɗa mini gaskiya. Wa ka yi wa laifi a gida?"

Matashin ya sunkuyar da kai, don shi kansa bai san sunan laifin ba.

"Amaryata 'yar manomi ce. Tun da na kawo ta birni, dariyarta ta ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina. Jiya ta shinshina kayan miyan kanti, ta ce nan komai ba ya ƙamshin ƙasa. Yau na ga ta sauko da akwatinta."

"Sai laka ta hana mace tafiya?"

"Iyakar dabarata ke nan, Inna."

Dattijuwar ta dubi gonar da ke bayanta.

"Ni daga birni aka kawo ni nan. Har na yi furfura, maigidan bai taɓa tambayata abin da nake kewa ba."

Ta miƙa masa karas ɗin, ko kakkaɓewa ba ta yi ba.

"In ka kai, ban da dogon surutu. Ka durƙusa gefenta, ka ce ta koya maka wankewa."