Direban da Bai Taɓa Hawa Ganuwar Kelibiya Ba

A gindin tudun Kelibiya, inda tsohuwar ganuwa ke kallon teku, Hedi ya tsaya gaban wata mai suyar bambaloni, irin fanken garin, yana haki, sanda a hannu.

"Baba, zauna. Wannan hawan ba na masu sanda ba ne."

"Sai na hau, 'yar nan. Tun ina da gashi nake kawo baƙi nan. In sauke su, in koma inuwa in sha shayi. Direba ba ya barin motarsa."

"To yau me ya tashe ka?"

"Kullum ina gaya musu daga sama ana hango wani tsibiri na ƙasar Italiya, har da nuni da yatsa. Likita ya ce idon nan ya kusa rufewa. Ina so in san ko gaskiya nake faɗa."

"Ana hangowa mana! Ranar da sama ta washe, kamar ka taɓa shi."

"Ta wane gefe?"

Ta juya bambalonin da ya riga ya soyu.

"Haka dai masu saukowa ke cewa."

"Au! Ba 'yar garin ba ce ke?"

"Bayan masallacin can aka haife ni. Wa zai tsare min kasko?"

Hedi ya yi dariya har da tari, ya kama hawa, yana yi yana hutawa. Bai yi nisa ba ya ji ta sauke kaskon, ta biyo bayansa.

"Baba, dakata! In ka ce ka gani, wa zai yarda da idonka?"