Baba Mai Citta a Motar Jos

A tashar Kafanchan, Milka tana jiran motar Jos ta cika, sai wani tsoho sanye da kwat ɗin coci ya zauna kusa da ita.

"'Yata, me za ki yi a Jos?"

"Ƙanwata zan gaisar, Baba. Kai fa, da wannan kwat? Neman aure?"

"Asibiti. Kansar huhu suka ce, amma wai kaina za su sa a inji su duba. Ni tari nake yi, ina ruwan kai?"

"Me kake nomawa?"

"Citta, a Nok."

"In cuta ta kama kunya ɗaya, ba ka tona ta gefe?"

"Dole, ko ganyenta yana kore shar."

"To likita ma manomi ne. Haka suka yi wa mijina."

"Ya warke?"

Milka ta gyara ɗankwalinta. "Ba mu tona da wuri ba. Wa zai raka ka?"

"Ni yaro ne? Kaina garau yake."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya juyo.

"'Yata, me za ki yi a Jos?"

Milka ta ɗauki jakarsa ta ɗora a cinya.

"Asibiti za ni, Baba. Hanyarmu ɗaya."