Gaisuwarsa Ce Ta Ruɗe Ni

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sani ne daga Dakko, ƙasar Bakura.

Makon jiya wani ya kira ni, ya gaishe ni da irin Hausarmu, har ya tambayi damina da shanu. Na ce mai gaisuwa haka ba ya cuta. Ya ce ɗiyata Hajara, da ke karatu a Talata Mafara, ta samu bashin karatu, amma sai na tura kuɗin fom. Na sayar da shinkafa buhu biyu na tura.

Da Hajara ta ji, ta ce, "Baba, ba a biyan ko sisi wajen neman bashin nan!" Tun ranar lambarsa a kashe take.

Jama'a, ku fara tambayar makaranta. Malam, ina zan kai ƙara? Kuɗin rajistarta ke nan na ba shi.