Faci na Uku a Hanyar Sonora

A rumfar wani mai faci a Sonora, Doreen, wata tsohuwa 'yar Kanada, tana jiran tayar motarta mai ɗakin kwana. Wani direban tirela ya zauna gefenta.

"Mama, faci na nawa ke nan?"

"Na uku. Masu inshora sun ce aikinsu ya ƙare a bakin iyaka."

"To ki ajiye akwalar nan ki hau bas mana. Ba za ta kai ki teku ba."

"Za ta kai, ɗan nan. Ka ga tsohon can a taga? Mijina ne. Ya manta gidanmu, ya manta 'ya'yanmu. A cikin motar nan kaɗai yake kiran sunana."

Direban ya miƙe tsaye.

"Bari in duba miki sauran tayoyin."